Yadda Za Ka Auna Kakar Ƙungiyar NBA da 'Yan Wasanta Kafin Zaɓen Sababbin 'Yan Wasa

Da zarar an kammala wasannin kaka na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a tsakiyar watan Afrilu, magoya bayan ƙungiyoyin da suka gaza kaiwa zagayen neman kofi sai hankalinsu ya koma kan tambaya guda: wane yaro za mu ɗauka a watan Yuni? Sunaye su fara yawo, bidiyon matasan jami'a su cika waya, kowa da gwaninsa. Shawarata ita ce ka ajiye sunayen nan tukuna. Wanda bai san ciwon da ke damun ƙungiyarsa ba, duk maganin da ya zaɓa caca ce.

Ga wanda bai saba ba, zaɓen da ake kira diraf shi ne ƙofar da matasa ke bi su shiga gasar. Ƙungiyoyi 30 ne, zagaye biyu ake yi, kowace tana da zaɓi ɗaya a kowane zagaye in ba ta yi cinikinsa ba, kuma marasa ƙarfi su ke fara ɗauka, sai dai ƙuri'a ake yi a tsakaninsu don fitar da masu lambobin farko. Aikin da zan bi da kai a nan ana yin sa ne tsakanin Afrilu da ƙarshen Yuni, kuma a jere ya kamata a yi shi, domin kowane mataki kan na baya yake tsaye.

Fara da tuhumar teburi

Kowace ƙungiya wasa 82 take bugawa. Adadin nasara da rashin nasara shi kowa ke fara dubawa, kuma shi ya fi yaudara. Wasan da aka ci da tazarar maki ɗaya da wanda aka ci da tazarar 30 daraja ɗaya gare su a teburi, alhali kowa ya san ba ɗaya ba ne.

Saboda haka nemo bambancin maki. Tara duk makin da ƙungiyar ta ci a kaka, cire waɗanda aka ci ta, raba da 82. Masu lissafin wasan sun daɗe da lura cewa kowane maki ɗaya na tazara a wasa yana daidai da nasara wajen biyu da rabi zuwa uku a kaka, ana ƙirgawa daga 41, wato rabin wasanni. A ce wata ƙungiya ta gama da nasara 30, amma tazararta ba ta wuce ragin maki ɗaya a wasa ba. Wannan a haƙiƙa ƙarfinta na masu nasara 38 ne, wasannin kusa da kusa ne suka riƙa suɓuce mata. A ce wata kuma ta ci 38, amma ana fin ta da maki biyar a kowane wasa. Wannan ƙarfinta bai kai na masu nasara 30 ba, sa'a ce ta rufa mata asiri. Ta farko ƙarin mutum ɗaya ko biyu zai iya ɗaga ta. Ta biyu in shugabanninta suka yarda da abin da teburi ya nuna musu, suka kashe kuɗi kamar sun kusa, baɗi za su ga abin da ba su zata ba.

In ka samu dama, yi amfani da lissafin hari 100 maimakon na wasa guda. Wasu ƙungiyoyi da gudu suke wasa, su kai hari da yawa, makinsu ya yi tudu ba don ƙwarewa ba. Shafin NBA kansa yana nuna makin da kowace ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane hari 100. Rubuta matsayinta cikin 30 a ɓangaren hari da na tsaro. Daga nan duba abin da ta yi a wasannin da tazara ba ta wuce maki biyar ba a minti biyar na ƙarshe. Sakamakon irin waɗannan wasanni yana yawan juyawa daga kaka zuwa kaka, don haka kada ka gina komai a kansa.

Su wa suka buga wasannin?

Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, kuma a nan ake yin babban kuskure. Ɗauki manyan 'yan wasa biyar ko shida, ka rubuta wasa nawa kowane ya buga, sannan wasa nawa suka buga tare.

San Antonio Spurs ta ci wasa 59 a kakar 1995-96. Kaka ta gaba sai ta ci 20 kacal. Wanda ya kalli teburi kawai zai ce gida ya rushe, amma abin da ya faru shi ne David Robinson wasa shida kaɗai ya buga saboda rauni. Suka ci ƙuri'ar zaɓin farko, suka ɗauki Tim Duncan a 1997, Robinson ya warke, suka ci wasa 56, a 1999 kuma kofi ya zo. Haka Golden State Warriors a 2019-20, kakar da annobar korona ta gajarta: nasara 15, rashin nasara 50, Stephen Curry ya karye a hannu ya buga wasa biyar, Klay Thompson bai taka fili ba ko sau ɗaya. A 2022 su ne zakarun gasar. Irin wannan faɗuwa ta rauni ce, ba ta lalacewa ba, kuma maganinta daban.

Sai dai akwai rauni na tsautsayi, akwai na jiki da ya fara gajiya. Karyewar hannu tsautsayi ne. Ɗan wasa mai shekara 33 da gwiwa ɗaya ke hana shi wasa kaka uku a jere, wannan ka sa a lissafinka cewa baɗi ma haka za a yi.

Bayan nan raba kakar gida uku: farko zuwa ƙarshen Disamba, Janairu zuwa rufe kasuwar musaya a Fabrairu, sai ragowar. Duba ko ƙungiyar ta sauya bayan an kori koci ko an yi ciniki. Amma makonnin ƙarshe ka kama su da taka-tsantsan. A lokacin nan manyan ƙungiyoyi suna hutar da taurarinsu, na ƙasa kuma wasunsu ba su damu da nasara ba tunda rashin ta zai ƙara musu dama a ƙuri'a. Na taɓa sakankancewa da wani matashi da ya riƙa zuba maki a makonni uku na ƙarshen wata kaka, har na sa shi cikin ginshiƙan ƙungiyarsa. Da Nuwamba ta zo, abokan hamayya suka dawo da cikakken ƙarfinsu, sai ga shi a ƙarshen benci. Da na koma na sake kallon wasannin nan, na tarar yawancin masu tsaron da ya riƙa wucewa ba su ne ke buga wasa a tsakiyar kaka ba. Tun daga ranar ba na auna ɗan wasa da Afrilu sai na ga abin da ya yi a Disamba da Janairu.

Ta ina ruwan ke shiga?

Yanzu ka san ainihin ƙarfin ƙungiyar, saura ka san dalili. Wani masanin lissafin wasan, Dean Oliver, ya taƙaita abin da ke kawo nasara zuwa abu huɗu, ya ba kowane nauyinsa: ingancin jifa kashi 40 cikin ɗari, zubar da ƙwallo kashi 25, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando kashi 20, samun jifan kyauta bayan an yi maka keta kashi 15. Kowane ana duba shi sau biyu, abin da ƙungiya ke yi da abin da take bari a yi mata, ka ga lambobi takwas ke nan.

Wajen ingancin jifa kada ka tsaya ga jifa nawa ya shiga. Wani ya jefa goma, biyar suka shiga, duk na maki biyu: maki 10. Wani ya jefa goma, huɗu suka shiga, duk na maki uku: maki 12. Na biyu ya fi amfani duk da ya fi ɓarar da jifa. Shi ya sa ake ƙara wa kowane jifan maki uku rabin daraja kafin a raba, na farko ya tsaya a kashi 50, na biyu ya haye 60.

Wani abin lura a ɓangaren tsaro: yawan jifan maki uku da abokan hamayya ke samu a buɗe laifin tsaronka ne, amma ko sun shiga ko ba su shiga ba, sa'a tana da babban hannu a ciki. In ƙungiya ta yi suna a tsaro bana, sai ka ga sirrin shi ne abokan hamayya sun yi ta ɓarar da jifa suna tsaye su kaɗai, to wannan tsaron aro ne.

Gani ya kori ji

Lambobi za su nuna maka inda ciwon yake, bidiyo ne zai nuna maka abin da ya jawo shi. Zaɓi wasa biyar ko shida cikakku, ba guntayen da aka tace ba: biyu da manyan ƙungiyoyi, biyu da sa'o'inta, ɗaya da aka lallasa ta. Kashe muryar masu sharhi, ajiye takarda da biro, ka hana idonka bin ƙwallo.

Ga irin abin da za ka gani. Dogon ƙungiyar ya fito ya yi wa mai tsara wasa shinge, wato ya tare masa mai tsaronsa da jiki, shi kuma ya zagaya ya nufi kwando. Tsayar da bidiyon a daidai nan, ka ƙirga ƙafafun da ke cikin fentin da ke ƙarƙashin kwando. In ka ga mai tsaron kusurwa ya bar mutuminsa da taku uku ya shigo ciki ba tare da ko waiwaye ba, to ya gaya maka ra'ayin duk gasar game da wancan na kusurwa: ba a tsoron jifansa. Mai tsara wasan zai ci karo da mutum uku, ya zubar da ƙwallo, gobe a rubuta cewa shi ne matsalar, alhali wanda ke tsaye a kusurwa ne ya toshe masa hanya. In ka ga wannan sau goma a wasa guda, ka gano abin da lambobin zubar da ƙwallo suka kasa faɗa maka.

A tsaro kuma duba wanda abokan hamayya ke farauta. A rubu'i na huɗu, za ka ga suna ta yin shinge har sai wani takamaiman mutum ya faɗo gaban tauraronsu. Wannan mutumin komai yawan makinsa, a wasannin neman kofi zai zama nauyi.

Kasa 'yan wasan

Ƙungiya tana da gurbin kwantiragi 15, da wasu uku na masu kai-kawo tsakaninta da ƙaramar gasar G League. Rubuta sunan kowa, shekarunsa, shekarun da suka rage a kwantiraginsa, sai ka yi wa kowane tambaya ɗaya: ranar da ƙungiyar nan za ta yi takarar kofi da gaske, yana ciki? In yana ciki, a wane matsayi?

Amsar za ta raba su da kanta. Akwai ginshiƙai, kuma ka yi rowa da wannan suna, yawancin ƙungiyoyi ɗaya ko biyu gare su, wasu ma babu. Akwai masu cika aiki, waɗanda za su iya tsare mutum su kuma jefa ta uku ba tare da sun riƙe ƙwallo ba. Akwai matasan da ba a gama sanin su ba. Akwai kuma waɗanda amfaninsu a kasuwa yake, kamar tsohon hannu da kwantiraginsa ke ƙarewa.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne mai cin maki a ƙungiya mara ƙarfi. Dole wani ya jefa ƙwallo, ko da ƙungiyar ta fi kowa lalacewa. Maki 20 a wasa da jifa 19 ba shi ne tauraro ba. Duba ingancin jifansa, duba yadda ƙungiyar take in yana fili da in yana benci, ka kuma lura da waɗanda yake shiga da fita tare da su, domin wanda kullum yake fili tare da gwani lambobinsa za su yi kyau ko ba shi ya yi aikin ba. Shekaru ma su shiga ma'auni. Abin da ɗan shekara 20 ya yi, in ɗan 25 ya yi irinsa, ba labari ɗaya ba ne, na farko yanzu ya fara hawa, na biyu ya kusa ƙololuwarsa.

Kuɗi

Mai goyon baya ba ya son wannan ɓangare, amma shi ke yanke abin da zai yiwu. A kakar 2024-25 iyakar jimillar albashin 'yan wasan kowace ƙungiya ta kai kimanin dala miliyan 140, layin harajin wuce iyaka kimanin miliyan 170, sama da shi kuma akwai shinge biyu da yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta tsaurara, na farko wajen miliyan 178, na biyu wajen miliyan 189. Lambobin suna hawa kowace shekara, don haka nemo na kakar da kake aunawa. Wanda ya haye shinge na biyu ba zai iya haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya da babba guda ba, ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba, kusan abin da ya rage masa na ɗaukar mutum daga waje shi ne mafi ƙarancin albashi. Boston Celtics ta ɗauki kofi a 2024, amma a bazarar 2025 sai da ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis don ta sauko ƙasa da wannan shinge.

Nan darajar zaɓen take fitowa. Wanda aka ɗauka a zagayen farko albashinsa a ƙayyade yake, shekara biyu tabbas, biyu kuma ƙungiya ke da zaɓin ci gaba da shi. Ga ƙungiyar da taurarinta suka cinye kasafi, matashin da zai iya buga minti 15 masu tsafta a kan wannan farashi ya fi zinariya. Denver Nuggets ta ɗauki Christian Braun a lamba 21 a 2022, ya ba da gudummawa a kofin 2023 tun yana sabon shiga. Ka kuma duba matasan da suka cika shekara uku, domin lokacin sabunta musu kwantiragi ya yi, kuma kuɗin da kake gani a sarari yau wataƙila an riga an yi masa miji.

Zaɓi nawa ke hannu, kuma na wa ne?

Kada ka ɗauka cewa ƙungiya tana da zaɓinta. Ana cinikin zaɓi har na shekara bakwai gaba, wani da sharaɗin cewa in ya faɗo cikin lambobin sama zai zauna a hannun mai shi, wani kuma da damar musayar lamba. Akwai doka mai sunan Ted Stepien, tsohon mai Cleveland Cavaliers, da ta hana ƙungiya zama ba zaɓin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. A 2013 Brooklyn Nets ta ba Boston tarin zaɓi don ta samu Kevin Garnett da Paul Pierce. Da Brooklyn ta faɗi, Boston ce ta ci moriyar faɗuwar, ta nan Jaylen Brown ya zo a 2016, Jayson Tatum a 2017. Ƙungiyar da zaɓinta na baɗi ke hannun wani ba ta da wata riba a rashin nasara, wannan kaɗai ya isa ya sauya duk shirinta.

Ƙuri'ar da ake yi a watan Mayu ma kada ka ɗora mata buri. A tsarin da aka kawo a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙasa kowace kashi 14 cikin ɗari gare ta na samun zaɓin farko, kuma ta ƙarshe a tebur tana iya zamewa har lamba biyar. Detroit Pistons ta ci wasa 14 kaɗai a 2023-24, ta sha kashi 28 a jere, ta ƙare da lamba biyar. Dallas Mavericks kuwa da damar kashi 1.8 ta samu zaɓin farko a 2025 ta ɗauki Cooper Flagg. Shirya jerinka a kan lamba mafi muni da za ta iya faɗo muku.

Sai yanzu sunaye

Da ka zo nan, ya kamata ka iya faɗin halin ƙungiyar a jimla biyu: ga ainihin ƙarfinta, ga abin da ta rasa, ga shekarun da za ta ɗauka kafin ta yi takara. Tambayar da ta rage ita ce tsohuwar gardama, a ɗauki wanda ya fi kowa baiwa ko wanda zai toshe ɓarakar da aka gani?

Ni ina ɓangaren baiwa, musamman a lambobin sama, kuma tarihi ne ya kai ni can. A 1984 Houston Rockets ta ɗauki Hakeem Olajuwon a lamba ɗaya, ba wanda ya zarge ta. Portland Trail Blazers tana da Clyde Drexler a matsayin da Michael Jordan ke bugawa, tana neman dogo, sai ta ɗauki Sam Bowie a lamba biyu, Jordan ya tafi Chicago Bulls a lamba uku. Warriors ma a 2020 gurbin dogo ne babu kowa, ta ɗauki James Wiseman a lamba biyu, LaMelo Ball ya tafi a uku, Tyrese Haliburton a 12, kafin shekara uku ta cika an musanya Wiseman. Ɓarakar yau ana iya toshe ta da ciniki ko da ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, kasuwarsu tana buɗewa kwanaki kaɗan bayan zaɓen. Yaro ɗan shekara 19 kuwa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya nuna, lokacin rabin waɗanda kake ƙoƙarin daidaita shi da su sun bar ƙungiyar.

Buƙata tana shigowa ne a wuri biyu. Na farko in matasa biyu sun yi kunnen doki a ma'auninka. Hanyar da ta fi ita ce ka jera su rukuni-rukuni maimakon ɗaya bayan ɗaya, in lokacinku ya zo ka ɗauka daga rukuni mafi sama da ya rage, a cikinsa ne za ka fifita wanda ya dace da ku. Na biyu in ƙungiyar tana takara yanzu kuma zaɓinta yana can wajen lamba 20 zuwa 30, inda wanda ya shekara uku ko huɗu a jami'a, ya iya tsaro da jifa, zai fi amfani da wanda sai an yi renonsa.

Wajen auna matasan, ka tuna layin maki uku na NBA mita 7.24 ne daga kwando in ban da kusurwa, na jami'a da na gasannin duniya kuwa mita 6.75, wasan kuma minti 48 ne maimakon 40. Jifan kyauta yakan fi faɗin gaskiyar hannun yaro fiye da jifan maki uku na kaka ɗaya, tunda ba mai tare shi kuma nisan bai sauya ba. Gwajin da ake yi musu a birnin Shikago a watan Mayu zai ba ka tsawo na gaskiya da faɗin hannuwa, amma tsalle a filin da babu kowa a ciki ba zai goge abin da ka gani a wasa 30 ba.

Zagaye na biyu kuma kada ka bar shi ba shiri. Manu Ginobili lamba 57 aka ɗauke shi a 1999, Draymond Green lamba 35 a 2012, Nikola Jokic lamba 41 a 2014. Yawancin waɗanda ake ɗauka a nan ba sa daɗewa a gasar, shi ya sa ya fi kyau ka nemi wanda ya ƙware ƙwarai a abu ɗaya, ko miƙa ƙwallo ko jifa ko tsaro, a kan wanda ya iya komai sama-sama. In kuma guraben 15 sun cika, duba ko akwai matashi a gasannin Turai da za a ɗauka a bar shi can ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, kamar yadda Denver ta bar Jokic a Sabiya har 2015.